Underworld Babu Selene: Yadda 'Yan Kallo Suka Rabu a Kan Rise of the Lycans

Ranar Juma'a 23 ga Janairun 2009 kamfanin Screen Gems, wanda reshe ne na Sony, ya saki fim na uku a jerin fina-finan Underworld a gidajen sinima na Amurka. Sunansa Rise of the Lycans, tsawonsa minti 92, an kashe masa kusan dala miliyan 35. Maimakon ya ɗora daga inda na biyu ya tsaya, sai ya koma baya da ɗaruruwan shekaru, ya je ya tono asalin gabar da ke tsakanin masu shan jini da mutanen da ke rikiɗa su zama kyarketai. Tun kafin a kashe fitilun sinima kan 'yan kallo ya riga ya rabu, domin tallan fim ɗin ya nuna wa kowa cewa Kate Beckinsale, jarumar da ta fito a matsayin Selene a fina-finai biyun farko, ba ta ciki.

Wanda bai san jerin ba zai ce to, don jaruma ɗaya ba ta fito ba sai me? Sai an koma 2003 a gane. A shekarar ne Len Wiseman ya ba da umarnin Underworld na farko, aka ɗauke shi a Budapest da kusan dala miliyan 22, ya kuma tara abin da ya haura miliyan 90 a duniya. Abin da ya zauna wa mutane a rai shi ne Selene, ɗaya daga cikin masu shan jini: mace cikin baƙaƙen kaya masu ɗame jiki, doguwar riga na jan ƙasa, bindiga a kowane hannu, tana faɗowa daga ƙololuwar gini ta dira da ƙafa ta wuce abinta. Ita ce a fasta, ita ce a bangon faifai. Na biyun, Evolution, ya fito a Janairun 2006 ya tara fiye da miliyan 110. Masu sharhin fina-finai ba su taɓa yi wa jerin kallon arziki ba, amma ya samu masoyansa, kuma da yawansu in ka ce Underworld, Selene suke ji.

A cikin fim na farkon akwai 'yan mintoci da suka juya labarin gaba ɗaya. Tun farawa ana nuna Lucian, shugaban masu rikiɗa (su ne ake kira Lycans), a matsayin bos. Can wajen ƙarshe sai aka nuna abin da ya faru da shi a zamanin da: an ɗaure shi da sarƙa, an zane shi, an sa shi ya kalli yadda rana ta ƙone matar da yake so, Sonja, wadda 'yar cikin Viktor ce, dattijon masu shan jini. Uban ne ya yanke mata hukuncin. Daga nan mai kallo ya gane cewa wanda yake ɗauka azzalumi shi ne aka zalunta. Waɗannan 'yan mintoci su aka ja aka mayar fim guda.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Kyarketan farko, zuriyar William, wanda ya fara rikiɗa, dabbobi ne zalla, ba sa iya komawa siffar mutum. Wata rana ɗaya daga cikinsu da ke tsare ta haifi jariri mai siffar ɗan Adam. Viktor ya ɗaga hannu zai kashe shi, sai ya fasa, ya raine shi a matsayin bawa. Ta hanyarsa ya samar da wani sabon jinsi, masu iya rikiɗa su kuma dawo mutane, don su yi aikin ƙarfi su kuma tsare fadar da rana lokacin da iyayen gijinsu ke barci. Kowane bawa an maƙala masa ƙawanyar ƙarfe a wuya, da tsinin azurfa a cikinta yana kallon maƙogwaro, ta yadda in ya kuskura ya rikiɗa wuyansa ya kumbura, azurfar za ta soke shi. Lucian ya girma ya zama maƙerin fada, kuma a ɓoye ya ƙera wa kansa mabuɗin ƙawanyar. (Nan kam abin ya ba ni dariya, don a Habasha an daɗe da camfin cewa maƙera ne ke rikiɗa su zama kura da dare, mu ma nan ba mu rasa labaran masu rikiɗa kura ba. Ga Turawa sun zagayo sun ba maƙeri wannan aiki.) Soyayya ta ɓoye ta shiga tsakaninsa da Sonja. Ranar da kyarketan daji suka rutsa da ita, ya cire ƙawanyar ya rikiɗa ya cece ta, sakayyarsa kuwa bulala da kurkuku. Sauran kowa ya san shi tun 2003.

Masu neman Selene

Rukuni na farko, kuma mafi ƙarar murya a makon farko, su ne waɗanda suka ɗauki rashin Beckinsale a matsayin cin amana. Muryarta ce ta buɗe fim ɗin da bayani, fuskarta kuma ta bayyana na ɗan lokaci a ƙarshe, a wani yanki da aka ɗebo daga fim na farko. Shi ke nan. Wadda ta hau kujerar jaruma ita ce Rhona Mitra, 'yar Ingila, wadda bai fi shekara ba ta fito a Doomsday, kuma a can baya ta taɓa zama fuskar Lara Croft a tallace-tallacen wasan kwamfuta na Tomb Raider. Matsalarta ita ce ta yi kama da Beckinsale fiye da kima. Baƙin gashi, farar fata, shuɗayen idanu in ta fusata, kayan yaƙi baƙaƙe. Akwai waɗanda suka ga fasta suka zaci Selene ce, da suka shiga suka ga ba ita ba, sai haushin ya koma kan Mitra, ana ce mata jabun Selene.

Masu shirya fim ɗin suna da hujja, kuma hujjar tana cikin labarin tun farko: dalilin da ya sa Viktor ya bar Selene da rai bayan ya karkashe danginta shi ne ta tuna masa da 'yarsa. To ai dole su yi kama. Amma nan wasu masu ƙwaƙƙwafi suka yi caraf suka ce a dakata, a fim na 2003 Sonja da aka nuna a ɗaure gashinta ruwan zinare ne, wata jaruma ce daban ta fito a matsayinta, yaushe gashin ya koma baƙi? An yi ta ja-in-ja a kan launin gashin nan kamar shi ne ginshiƙin fim ɗin. A ganina gyara kuskure aka yi, don da an bar ta da gashin zinare, maganar Viktor ba ta da ma'ana. Sai dai ƙorafin ya nuna irin mutanen da ake hulɗa da su. Sun kalli na farko sau da yawa har sun haddace shi, kuma ba sa yafe ko da gashi.

Akwai wani rashi kuma da ya haɗu da na Selene, wato bindiga. Abin da ya bambanta Underworld da sauran fina-finan dodanni shi ne zamanantar da su da ya yi: harsashi mai ɗauke da hasken da ke ƙone mai shan jini, harsashi mai ruwan azurfa, motoci, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, ruwan sama a kan kwalta. Da aka koma zamanin takobi da doki da sulke, sai wasu suka ce an raba jerin da gishirinsa, an mayar da shi ƙaramin Lord of the Rings wanda kuɗi bai ishe shi ba. Ɗaukarsa da aka yi a Niyu Zilan, ƙasar da aka ɗauki wancan, ta ƙara wa masu wannan ba'a ƙarfi.

Masu sharhi

Su waɗannan ba Selene ce ta dame su ba. Kalmar da ta fi yawo a bakinsu ita ce fim ɗin bai zama dole ba. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tara ra'ayoyinsu, waɗanda suka yaba ba su kai ɗaya cikin uku ba, kuma taƙaitaccen hukuncin shafin ya ce duk da ƙoƙarin 'yan wasan, fim ne da bai bambanta da saura ba, ba a kuma bukace shi ba. Sun yi ƙorafin duhu: kusan komai da dare yake faruwa, an rina hoton da shuɗi da toka-toka, in faɗa ya kaure kyamara na rawa ana yanka hoto da sauri, har ba ka sanin wa ya sari wa. Wannan ƙorafi gaskiya ne, masoyan fim ɗin ma sun yi shi.

Abin da ya fi ba su abin rubutu shi ne Michael Sheen, wanda ya fito a matsayin Lucian. Ɗan yankin Wales ne, gogaggen ɗan wasan daɓe, ya fito a matsayin Tony Blair a The Queen a 2006. A daidai lokacin da ake nuna shi yana gurnani cikin gashin kyarkeci, wani fim ɗinsa, Frost/Nixon, yana sinima, kuma ranar 22 ga Janairu, kwana ɗaya tak kafin fitowar Rise of the Lycans, aka sanar da Frost/Nixon cikin masu takarar Oscar na fim mafi kyau. Mutum yana iya shiga wannan ɗaki ya ga Sheen cikin kwat yana titsiye tsohon shugaban Amurka da tambayoyi, ya fito ya shiga na kusa ya gan shi babu riga, gashi buzu-buzu, yana yi wa bayi huɗubar tawaye. Wasu masu sharhi sun tausaya masa, wai me ya kai shi. Wasu kuma, har cikin waɗanda suka kushe fim ɗin, sun yarda cewa shi da Bill Nighy, wanda ya fito a matsayin Viktor, su ne suka hana fim ɗin faɗuwa warwas.

Waɗanda suka ce shi ne gwanin jerin

Rukuni na uku bai yi ƙara da farko ba, amma shi ya fi daɗewa. Su ne waɗanda tun 2003 suke ɓangaren Lucian, suna ganin labarinsa ya fi na Selene da saurayinta Michael nauyi. A wurinsu sanin ƙarshen labari bai rage komai ba, ƙara masa ɗaci ya yi. Duk sanda Sonja ta saci jiki ta bi ta ƙarƙashin fada ta je wurin Lucian, mai kallo ya san inda hanyar za ta ɓulle.

Fitowar da suka fi ambata ita ce ta zaman majalisa. Viktor ya riga ya ciji wuyan 'yarsa ya ɗanɗani jininta, kuma a duniyar fim ɗin jini yana ɗauke da abin da mutum ya gani ya aikata, don haka babu sauran ɓoye-ɓoye. Daga baya ya gano tana da ciki. Aka tsayar da ita gaban dattawa, ana bin su ɗaya bayan ɗaya kowa na amsawa da na yarda a kashe. Da aka zo kan uban sai ya yi shiru. Nighy, wanda duk tsawon fim ɗin yana taunar kalmomi yana tofar da su, yana karkata wuya yana zare shuɗayen idanu har wasu na ganin ya wuce gona da iri, a nan sai ya bar fuskarsa ta yi aikin. Leɓensa ya yi rawa, ya furta amincewar da ƙyar. Bayan nan aka ɗaure Sonja a jikin ginshiƙi, aka ɗaure Lucian a ƙasa yana fuskantarta, aka bar su su biyu, rufin ɗakin ya fara buɗewa a hankali da ƙarar ƙarafa, rana ta sauko. Viktor yana can ɗakinsa yana jin ihun. Da dare ya dawo ya cire abin wuyan 'yarsa daga jikin da ya zama gawayi, wata ya leƙo ta rufin da aka bari a buɗe, Lucian ya rikiɗa, ya fizge abin wuyan ya fasa taga. Wannan abin wuya shi ne wanda yake sanye da shi a fim na farko, shi ne kuma ya zama mabuɗi a na biyu. Ga wanda ya bi jerin tun tushe, ganin inda ya samo asali ya biya kuɗin tikiti.

Sun kuma yaba cewa a karon farko an ba kyarketan haƙƙinsu. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin, Patrick Tatopoulos, Bafaranshe ne da sana'arsa ita ce zana dodanni, shi ya tsara kyarketan fina-finai biyun farko, shi ya zana Godzilla na 1998, wannan kuma shi ne karonsa na farko a kujerar darakta. An ga hannunsa. A baya kyarkeci ɗaya ko biyu ake gani a lungu, a nan kuwa garke guda ne ke fitowa daga daji yana hawa ganuwa. Akwai kuma guduwar bayi daga kurkuku, inda masu gadi ke harbo mashi daga manyan bakunan inji, mashin na fasa bango yana tsire mutane a jikin ɗayan bangon. Wasu wuraren aikin kwamfutar ya fito fili, ba a musu, amma dala miliyan 35 ba kuɗin yaƙin dodanni ba ne a Hollywood.

Fitowa ɗaya ce rukunonin uku suka haɗu a kanta, wato keɓewar masoyan biyu a bakin wani gini mai tsawo, inda Lucian ya saki jiki yana reto a sararin sama. An so ta zama abin burgewa, dariya ta jawo, har yau kuma in ana tsokanar fim ɗin da ita ake farawa.

Zancen bauta

Akwai abin da ya fi gashin Sonja muhimmanci wanda bai samu rabin surutun da gashin ya samu ba. Fim ɗin labarin tawayen bayi ne, shi ya sa aka yi ta kwatanta shi da Spartacus, ana haɗawa da Romeo da Juliet. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro duniyar Underworld shi ne Kevin Grevioux, baƙar fatar Amurka da ya karanci ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta a Jami'ar Howard. Daga karatunsa ne aka samo tunanin cewa shan jini da rikiɗa ƙwayar cuta ce ke kawo su, ba tsafi ba, kuma an san cewa tsangwamar da ake yi wa soyayya tsakanin baƙi da farare tana cikin abin da ya gina labarin a kai. Shi ne ya fito a matsayin Raze, ƙaton nan mai murya kamar daga rijiya, kuma muryarsa ce ta ainihi. A wannan fim an fara ganinsa a matsayin ɗan Adam, bawa, cikin sarƙa, a ayarin wasu attajirai da ke kawo wa Viktor haraji.

Ga masu gida farare fat da ke zaune a fada suna taƙama da tsarkin jini, ga bayi da ake yi wa tambari da wuta ana zane su a bainar jama'a, ga uba da ya gwammace ya ƙone 'yarsa da ya ga jikan da jininsa ya gauraya. Kuma an saki fim ɗin kwana uku bayan rantsar da Barack Obama, ɗan baƙi da farar mace, a matsayin shugaban Amurka. Ba na jin da gangan aka yi, watan Janairu dama lokacin da kamfanonin Hollywood ke zubar da fina-finan da ba su sa ran kyauta a kansu ne, kuma na biyun ma a Janairu ya fito. Wasu 'yan kallo sun hango wannan zare sun kuma ji daɗinsa. Wasu sun ce an taɓo babban al'amari an sake shi, domin jagoran bayin farin mutum ne, baƙin kuma mataimaki. Duka biyun suna da gaskiya. Fim mai minti 92 wanda rabinsa sara da cizo ne ba zai ɗauki wannan kaya ya kai shi gida ba, amma shi kaɗai ne a jerin ya ma sunkuya ya taɓa shi.

Kada a manta da Twilight, wanda ya fito wata biyu kafin nan, a Nuwamban 2008, ya kwashe 'yan mata matasa da masu shan jininsa masu ƙyalli a rana. Wani kaso na yabon da Rise of the Lycans ya samu huce haushi ne kawai: ga namu, masu ƙonewa in rana ta taɓa su, a fim ɗin da aka hana yara shiga sai da babba. Abin dariyar shi ne kafin shekarar ta ƙare, a Nuwamban 2009, Sheen ɗin da suke taƙama da shi ya bayyana a Twilight na biyu, a matsayin Aro, shugaban masu shan jini.

Abin da kuɗi ya ce

A ƙarshen makonsa na farko fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 21 a Amurka, ya zo na biyu. Wanda ya sha gabansa fim ɗin barkwanci ne, Paul Blart: Mall Cop, labarin wani mai gadin kanti, shi ma na Sony, kuma a makonsa na biyu yake. Masoya Underworld sun sha tsiya a kan wannan. Na farko da na biyu duk a matsayi na ɗaya suka buɗe, na biyun da kusan miliyan 27. A ƙarshe Rise of the Lycans ya tsaya a kusan miliyan 46 a Amurka, ya ɗan haura miliyan 90 a duniya. Ba asara ba ce ko kusa, ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu, ban da cinikin faifai. Amma ya gaza na biyu da tazara mai yawa, kuma kamfani tazarar ya kalla.

Abin da suka karanta a ciki shi ne babu Selene, babu kasuwa. A Janairun 2012 aka dawo da Beckinsale a Awakening, aka ninka kasafin kuɗi zuwa kusan miliyan 70, aka sa fasahar 3D mai tsadar tikiti, ya tara kusan miliyan 160, fiye da kowane fim a jerin. A ido, rukuni na farko ya yi nasara. Sai dai a nan nake ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Idan aka auna da abin da aka kashe, ribar Awakening ba ta fi ta Rise of the Lycans a kan kowace dala ba. Kuma dawowar Selene ba ta dawo da Lucian ko Viktor ba, tunda dukansu sun mutu tun a fim na farko, ba a kuma samu wasu da suka cike gurbinsu ba. A maki da 'yan kallo ke bayarwa a shafin fina-finai na IMDb, fim ɗin da babu Selene yana sama da biyun da suka biyo bayansa da ita a ciki.

Na biyar, Blood Wars, ya isa sinimomin Amurka a Janairun 2017, Beckinsale na kan fasta, kasafinsa kusan daidai da na Rise of the Lycans. Ya buɗe da ƙasa da dala miliyan 14, ya ƙare da kusan miliyan 30 a Amurka da kimanin 81 a duniya, ƙasa da abin da fim ɗin Lucian ya samu shekara takwas kafin nan. Daga shi ba a sake fitar da wani Underworld a sinima ba.